Filogi Ɗaya Fari Tas

"Kai macuci ne, Hussaini. Sau uku ana kawo maka motar nan, sau uku kana mayar mini da ita da ciwonta."

Hajiya Bara'atu ta faɗi haka ne a tsakiyar garejin da ke Sabon Garin Gusau, a gaban masu motoci huɗu da ke jiran aiki. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ta saba a ji muryarta daga nesa. Ko Malam ɗin da take saka masa shekara goma, yau ta cire.

Malam Hussaini ya goge hannunsa da tsumma, ya dubi tsohuwar jif ɗin. Tana tsaye tana aiki lafiya lau, ko girgiza babu. Haka take zuwa masa kullum. Da safe can gidansu a Bungudu ne take ƙin tashi, in ta tashi ta yi ta karkarwa tana tari, ta mutu sau biyu kafin ta daidaita. Amma kafin a iso Gusau ta yi zafi, ciwon ya ɓuya. Ya sake filogi, ya sake kwayil, ya wanke nozul, duk bisa bayanin direbanta Lukuman, ɗan ƙanen Hajiya.

"Da motar nan ake kawo Alhaji wankin ƙoda," in ji ta. "Jiya sai da muka makara. Jibi zan kai ƙararka wurin shugaban ƙungiyarku, a hana ka taɓa motar mutane."

Ɗaya daga cikin masu jiran ya miƙe a hankali, ya shiga motarsa ya fita. Shekara talatin da ɗaya Hussaini yana wannan sana'a, ba a taɓa kai shi ƙara ba.

"Hajiya, abu ɗaya nake roƙo," ya ce, ya rage murya. "In kun koma gida a kulle motar, ki riƙe makullin a hannunki. Kada a buɗe ta, kada a tayar da ita. Gobe da sassafe zan zo in same ta da sanyinta."

"Ai ba sai ka wahala ba, Oga," Lukuman ya sa baki yana murmushi. "Ni zan ɗumama ta in kawo maka."

"Ɗumamarka ce ba na so."

Washegari bayan sallar asuba ya shiga motar haya da jakar kayan aikinsa. Rana ba ta gama fitowa ba ya yi sallama a ƙofar gidan Alhaji Mahadi, mijin Hajiya. Hajiya ta fito da makullin ɗaure a bakin mayafinta, ta amsa gaisuwarsa da ƙyar. Lukuman yana gefe da buta a hannu, yana kai da komowa.

Hussaini ya dafa bonet, ya ji sanyi. Ya buɗe, bai taɓa makulli ba tukuna. Murfin lagireto ya fara kwancewa, ya leƙa. Ruwan ya yi ƙasa sosai.

"Wa ke ƙara mata ruwa?"

"Ni ne," in ji Lukuman. "Kaɗan-kaɗan dai."

"Kullum?"

"Tsohuwar mota ce, Oga."

"Sau uku na tambaye ka ko tana shan ruwa. Ka ce mini a'a."

Ya kwance filogi shida ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tsumma. Biyar sun yi launin ƙasa, kamar yadda ya kamata. Na shida fari ne tas, kamar an wanke shi da sabulu, bakinsa a jiƙe. Ya miƙa wa Hajiya.

"Taɓa ki ji. Wannan ba fetur ba ne, ruwa ne. Cikin dare yake tsiyaya daga hanyar lagireto ya taru a silinda ɗaya. Da safe filogin ba ya iya ba da wuta sai ruwan ya ƙone. Shi ne karkarwar da kuke ji."

Ya mayar da su, ya ce Hajiya ta tayar da motar da kanta. Injin ya yi gurnani, ya kama, motar duka ta shiga rawa. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayan salansa. A bakin lagireto kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya.

"Gasket, abin da ke tare ruwa kada ya shiga silinda, shi ya ƙone," in ji shi. "Kuma ba ya ƙonewa don tsufa kawai. An tafasa injin nan, aka ci gaba da tafiya da shi a haka, tafiya mai nisa."

"Motar da ba ta wuce asibiti da gida?" Hajiya ta juya. "Lukuman, yaushe ta tafasa?"

"Wallahi, Gwaggo, neman mafita yake yi."

Hussaini ya bar gaban motar. Ya zaga baya, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya kwantar da kujerar baya. A cikin lungun ƙarfen akwai ƙwayoyin masara da wake, da busasshen kashin awaki. Ya ɗebo a tafinsa ya nuna mata.

Hajiya ta daɗe tana kallon tafin hannun.

"A kan kujerar nan nake kwantar da Alhaji," ta ce.

Lukuman ya ajiye butar. Maganar ta fito masa a gutsure. In aka ɗora Alhaji a kan na'ura, awa huɗu ake yi, Hajiya tana zaune gefensa. Shi kuma sai ya ɗebi 'yan kasuwa da kayansu ya kai su Tsafe, ya ɗebo wasu ya dawo kafin a gama. Wata biyu da suka wuce tiyon ruwa ya fashe a hanyar dawowa, allurar zafin inji ta hau ja.

"Kin san hanyar, Gwaggo. Wa zai tsaya a dajin nan? Da na tsaya da yanzu ana neman kuɗin fansata. Kuma duk direbobi suna yi."

"Tsoro ya hana ka tsayawa, na ji," in ji Hussaini. "Me ya hana ka faɗa? Kana tsaye jiya aka kira ni macuci."

Lukuman ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta kashe motar, ta zare makullin ta miƙa wa Hussaini. "Ka tafi da ita ka gyara, Malam. Maganar ƙara kuma na janye."

"Na gode. Amma a gaban mutane kika yi maganar, Hajiya. Ɗayansu ya ɗauke motarsa. Ina so ki zo ki faɗa a inda kika faɗi ta farko."

Ta gyara mayafinta, ta dubi ƙofar gida. "Ɗan ƙanena ne. Ba zan je gareji in tona asirin gidanmu ba. Kai ma babba ne, ka yi haƙuri."

Ta shige ciki. Daga ɗaki ana jin tarin Alhaji.

Hussaini ya cika lagireto da ruwan butar, ya tuƙa motar a hankali zuwa Gusau, idonsa a kan allura. Da ya isa, mai shayin bakin gareji ya tambaye shi ko an sasanta da matar jiya. Ya ce an sasanta. Mai shayin ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukuncinsa.

Lukuman kuwa, kafin azahar an ɗaure masa kayansa a buhu, an sa shi a babur zuwa Rawayya wurin ubansa. Hajiya ta hana shi sake taka gidanta. Dangi an gaya musu ya koma taya aikin gona ne.