Lambar da ke Bangon Mai Alli

Mijinta ya rasu ya bar mata bango cike da lissafi. Malamin makaranta ne, ana ce masa Mai Alli, kuma tun da ya bar aiki ya rubuta wata doguwar lamba a saman bangon ɗakin zama, daga bakin taga har kusa da ƙofa. Ya ce mata mara ce, ba cika ba, kuma ransa na ba shi ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya ko da kanta. Kullum sai ya ɗauko wata lamba ya raba ta da ita, saura ya fito, ya yi dariya ya ce, "Kin gani? Taurin kai kamar naki."

Bayan rasuwar ta hana kowa jingina da bangon.

Wata rana da hantsi sai ga Dogo, abokin aikinsa na da, wanda suka yi shekaru suna musu a kan lambar. Bai zo jana'iza ba. Ya yi ta'aziyya a gurguje, idonsa na kan bango.

"Uwargida, na saka ta a kwamfuta. Tana rabuwa."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da bai taɓa yarda da maganar mijinta ba yana raye, yau ya zo kayar da shi yana kabari.

"Sai da ya mutu kwamfutar taka ta farka?"

"Haba, uwargida. Jikata ce ta nuna min yadda ake yi."

"Ni ban san jikarka ba. Ga alli, yi a gabana."

Ita ba ta iya rabawa ba, amma ta san sifili idan ta gan shi. Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, tana bin hannunsa da ido kada ya goge wani abu da gwiwar hannu. Da ya laluba aljihu ta ce, "Fito da hannunka." Ashe hankici ne.

Ya yi ta saukowa da layi har sai da ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Can ƙasa, kusa da siminti, ya zana ɗan da'ira. Babu saura.

Ta daɗe tana kallon sifilin.

"Wato wahalar banza ya sha," in ji ta.

"A'a. A jere yake gwada lambobin, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya ƙara 'yan watanni da kansa zai iso nan." Ya juya fuska.

Ta nemi alamar murna a fuskar nan, ba ta samu ba. Duk da haka ta miƙa hannu ta karɓi allin.

"Gobe zan kira wani malamin ya sake yi. Idan ya fito daidai da naka, ka dawo ka rubuta a ƙasa cewa Mai Alli ne ya faro."

"In kuma bai fito ba?"

"Ka zo da tsumma ka goge ƙazantarka."