Adama Sheme Biyu

A shekarar da gwamnati ta buɗe firamare a kusan kowane ƙauye, aka shiga neman malamai ido rufe. Masu jarrabawar shiga kwalejin horon malamai suka yi yawa, har aka kai makinsu wata cibiyar kwamfuta a Zariya. Maharazu, mutumin Ƙanƙara, shi aka ba aikin fitar da sunayen waɗanda suka ci daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Umarnin da ya rubuta wa na'urar gajere ne. Ta duba taskar bayanai, ta zaƙulo duk wanda ya kai makin ci, ta zuba sunansa a wani jeri da ke ajiye kowane suna a gurbinsa na harafi tun yana shigowa. Idan suna ya tarar da irinsa sak, sai jerin ya riƙe ɗaya kawai. Maharazu ya so hakan, domin masu huda katunan bayanai sukan buga katin mutum guda sau biyu.

An manna sakamako, saura ƴan kwanaki kwaleji ta rufe karɓar ɗalibai, sai ga wani dattijo a ƙofar cibiyar da takarda a naɗe. Malam Sanusi ne, hedimastan firamaren Sheme.

"An ce kai ke magana da injin nan?"

"Ni ne, Malam. Lafiya?"

"To tambaye mani shi. Ya ce Adama Sheme ta ci. Wace Adamar?"

Malam Sanusi ya zauna ya yi bayani. Yara biyu ne, ƴaƴan wa da ƙane, duk sunan kakarsu Hajiya Adama aka sa masu. A gida ana kiran ɗaya Uwani, ɗaya Mama. Ranar da suka shiga aji ɗaya shi da hannunsa ya ƙara masu sunan gari, kamar yadda ake yi wa kowane ɗalibi. Yanzu kowane uba ya ce ƴarsa ce ta ci. Hajiya kuwa ta kulle akwatin ƙarfen da ta saya a kasuwar Yankara don mai tafiya kwaleji, ta ce ita ba za ta zaɓa tsakanin takwarorinta ba. In ba a fayyace ba, duk su zauna.

Maharazu ya jawo tiren katunan Faskari, inda Sheme take. Katuna biyu ya samu da suna ɗaya, lambar jarrabawa daban. Dukansu sun haye makin ci.

"Su biyun suka ci, Malam. Jerin ne ya ɗauka mutum guda ce, ya yar da ɗaya."

"Ashe injin naka bai san ana takwara ba?"

"Ni ne ban gaya mai ba. Kuma a ajinmu Maharazu Ƙanƙara uku ne."

"Kai ne na nawa?"

"Mai kunne ake ce mani."

Malam Sanusi ya dubi kunnuwansa, ya ce malaman ajin ba su yi ƙarya ba.

Gyaran bai wuce katuna kaɗan ba. Maharazu ya sa jerin ya riƙa haɗa suna da lambar jarrabawa kafin ya ce biyu ɗaya ne. Ya sanar da shugaban cibiyar, aka sake ba shi lokaci a kan na'urar. Da takardar sunayen ta fito ta fi ta farko tsawo. Adama Sheme ta fito sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Akwai kuma wata Fatsuma Sabuwa da wasu samarin Tafoki, waɗanda ba wanda ya zo tambaya a kansu. Aka aika wa kwalejin sabuwar takardar kafin a rufe.

Maharazu ya raka dattijon har tasha. Ya ce, "Malam, da ba ka hau mota ka zo ba, da yaran nan sun zauna gida ban ma sani ba. Allah Ya saka da alheri."

"Amin. Amma Hajiya za ka gode wa. Ita ta hana ni sakat."

Ranar kasuwar Yankara ta gaba, Hajiya Adama ta sayi akwati na biyu. Ta kuma ba wani direban lori kwalba biyu ta man shanu ya kai Zariya. Direban ya isar da saƙon kamar yadda aka ba shi: ɗaya ta Mai kunne, ɗaya ta injin, tunda ya karɓi gyara.