Ragon da Ya Ci Linjila

Illa ya riƙe bangon littafin da hannu biyu, ragon kuma ya riƙe takardun da haƙora, kowa na ja. Da takardun suka yage, sai Illa ya faɗi zaune cikin kaskon ruwan kaji. Ragon ya ja da baya, ya ci gaba da tauna hankali kwance yana kallonsa.

"Baiwa! Fito ki ga abin da Shaiɗan ya yi mana!"

Matarsa ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta dubi ragon, ta dubi mijinta, ta dubi tabarmar da ke gindin kurna har da matashin kai.

"Wannan ai ba Shaiɗan ba ne, maigida, ragon Yaya Lawali ne. Kana ina ya shigo?"

"Addu'a nake yi. Na rufe ido."

"Lalle addu'ar yau ta yi ƙarfi. Tun daga madafa nake jin minsharinta."

Illa ya tashi, wando na ɗigar ruwa, ya shiga duba ɓarnar. Linjilar Matta ta tafi duka, ta Markus ta bi ta, ta Luka saura rabi. Kuma shi ke nan Littafi Mai Tsarki guda ɗaya da Kiristocin Matameye suke da shi. Su bakwai ne, in an haɗa da wata tsohuwa da ke zuwa don inuwar zauren Illa da suke taruwa a ciki. Wata baturiyar mishan ce ta ba su shi a Damagaram, aka damƙa wa Illa ajiyarsa saboda shi kaɗai ke karanta boko ba da gumi ba. Ga shi gobe Lahadi.

"Kai wata guda ba ka wuce shafi goma ba," in ji Baiwa. "Shi ko kafin la'asar har ya kai Luka."

Illa tela ne. Shekara huɗu da suka wuce ya tafi cin rani Kano, ya dawo da keken ɗinki da sabon addini. Mutanen gari suka karɓi keken hannu biyu, addinin kuwa suka bar masa kayansa. Wansa Lawali ne abin ya fi ƙona wa rai. Ya ja darni ya raba gidan ubansu biyu, ya fasa wata ƙofar daban, tun daga ranar bai ƙara yi wa Illa magana ba. Kwana shida ke nan da matar Lawali, Fadima, ta haifi ɗa namiji bayan 'ya'ya mata huɗu. Illa yana jin kukan jaririn ta bayan darni safe da yamma, bai san kamanninsa ba. Gobe ne suna, ba wanda ya kawo masa goro. Wannan rago kuwa shi ne ragon sunan, tun farkon damina Lawali ke kiwonsa.

"Ta ina ma ya shigo?" Illa ya tambaya.

Baiwa ta ce tuwonta zai kama, ta juya. Illa ya bi sawun ragon har bayan rumbu, ya iske kafa a jikin darnin, gefenta ya yi sumul don yawan wucewa.

"Baiwa, wannan fa?"

"Gishiri ke bi ta nan," ta ce daga madafa. "Da daddawa. Wani lokaci da ni. Ku ne kuka yi faɗa, ni da Fadima ba mu yi ba. Wa kake tsammani ya yi mata ruwan wankan jego?"

Ihun Illa ya riga ya jawo kawunan mata bisa katanga. Kafin a tura ragon gida, labari ya kai har inda motocin gyaɗa ke lodi: ragon sunan Lawali ya ci littafin Nasara. Waɗansu suka ce sun ji kukansa ya sake.

Ba a jima ba Lawali ya yi sallama a zauren da bai taka ba shekara huɗu. Bai dubi Illa ba. Ya tsaya gaban keken ɗinki ya yi wa keken magana.

"A gaya wa mai gidan nan ya ɓata mini rago."

"A gaya wa mai ragon," in ji Illa, shi ma yana duban keken, "ya cinye mana Linjila biyu da rabi."

"A gaya masa ya zo mu je wajen Malam Mahamadu."

Suka tafi, Lawali a gaba, Illa a baya, tsakaninsu kamar taku goma. Malam Mahamadu shi ya koya musu alif da ba tun suna ƙanana, kuma shi zai raɗa sunan gobe. Ya saurare su yana shafar gemu, mutane sun cika ƙofar zaure.

"Lawali, tun da ragon nan ya ci takardun, ya ce maka wani abu?"

"A'a, Malam."

"Ya ƙi dusa? Ya nemi a kai shi Damagaram?"

Aka yi dariya. Lawali bai yi ba.

"To, rago dai rago ne," in ji Malam. "In aka yanka shi da sunan Allah, namansa halal ne. Annabi Isa ma ai ba baƙonmu ba ne."

"Ke nan za ka ci, Malam?" wani ya tambaya daga ƙofa.

Malam ya yi gyaran murya. "Ni kwana biyun nan cikina ba ya son nama."

Shi ke nan magana ta lalace. Wani ya ce in har rubutun sha yana aiki a cikin mutum, me zai hana wannan ya yi aiki a cikin rago? Wani ya ce shi dai 'ya'yansa ba za su taɓa ba. Illa ya saci kallon wansa. Ya yi zaton zai ji daɗi, don ya daɗe yana roƙon Ubangiji ya ɗan sunkuyar da kan Lawali. Amma ya ga fuskar wan nasa ta koma yadda take ranar da suka binne ubansu. Kasuwa ta riga ta ci ta watse, ba inda zai samo wani ragon kafin safiya. Ɗan da ya jira shekara goma sha biyu za a yi masa suna, nama na jibge ba mai ci, kuma har ya girma ana ce masa ɗan ragon Nasara.

Illa bai koma gida ba. Ya zarce wajen Baba Shekara, dattijon ikilisiyarsu, tsohon sojan Faransa wanda kunnensa ɗaya ya mutu a yaƙi, ɗayan kuma yake ji in ya ga dama. Ya same shi yana gyaran takalmi, labari ya riga ya iso masa.

"Wajen Kumanda, baturen mulki, za mu kai su," in ji Baba Shekara. "Tsanantawa ce wannan. Turo ragon suka yi."

"Baba, ni ne na yi barci."

"Me ka ce?"

"Na ce ragonmu na Kirsimeti da ke turke a gidana, ina so mu yi musanya da na Yaya. Shi ya yanka namu gobe, mu mu yanka nasa ranar Kirsimeti."

Wannan kam Baba ya ji shi sarai. Ya ajiye basilla.

"Ragonmu? Wanda na bai wa harawar gonata? Ya fi nasu ƙiba da cinya guda! Sun ci mana littafi, mu bi su da rago? Mutumin da ko gaisuwarka ba ya amsawa?"

"Ai irinsa aka ce mu yi wa alheri, Baba. Kai da kanka ka sa na karanta mana wurin sau biyu."

"Ban tuna ba. Buɗe ka nuna mini inda aka rubuta."

"Yana cikin ragon."

Baba Shekara ya ɗauki takalmin ya jujjuya shi, ya yi ta gunaguni da Faransancin bariki. Can sai ya ce, "Baturiyar nan fa? Me za mu ce mata?"

"Gaskiya zan faɗa mata."

"Za ka ce barci ka yi?"

"Zan ce na rufe ido."

"To, tafi. Amma ka gaya wa wan naka fatar tamu ce. Ina son buzu."

Illa ya kwance ragon bayan la'asar. Baiwa ta ce ya tura shi ta kafar darni mana, ya fi kusa. Ya ce a'a, ta ƙofa zai bi, gari ya gani. Yana tafe yana tuhumar kansa: don Yesu yake yi, ko don ya ga yadda Lawali zai yi da fuskarsa? Ya auna, ya ga duka biyun suna ciki, ya ce Ubangiji ya tsince nasa.

Lawali na zaune a dakalin ƙofarsa shi kaɗai, kwaryar goro a gefe ba wanda ya zo ɗauka. Ya ga rago, ya ga mai jan ragon.

"A gaya wa mai gidan nan," in ji Illa yana duban dakalin, "an kawo musanya. Ya ba mu mai karatun, ya riƙe wannan."

Lawali ya tashi a hankali. Ya zagaye ragon, ya matsa ƙugunsa, ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora, ya tattaɓa wutsiya. Ya daɗe yana yi, fiye da yadda duba rago ke bukata.

"Me yake ci?" ya tambayi ragon.

"Dusa da harawa."

"Ba ku yi masa wankan nan naku na shiga addini ba?"

"Yaya, mu ma sai mun je Damagaram ake yi mana."

Wani sauti ya kuɓuce wa Lawali ta hanci, ya maza ya mayar da shi tari. Ya ja ragon ciki. Illa ya tsaya a waje yana jin muryar Fadima, da ta 'yan matan, da kukan jaririn kusa-kusa. Bayan ɗan lokaci Lawali ya fito da ɗaya ragon, ya miƙa igiyar. Sai kuma ya sunkuya ya ɗebo goro biyu daga kwaryar, ya sa a tafin ƙanensa, ya dube shi ido cikin ido.

"Illa."

"Na'am, Yaya."

"Da an fito sallar asuba za a raɗa. Ka sa hula. In an ɗaga hannu ana fatiha, kada ka ɓarke mana da waƙa."

"Ba zan yi ba."

"Kuma ka zauna kusa da ni, don kada wani ya dame ka da tambaya."

Illa ya tuna da saƙon fatar Baba Shekara, ya ce a ransa wannan ta jira jibi. Ya jefa goron a aljihu, ya ja igiya.

Ragon ya kafe ƙafafu huɗu a ƙasa. Illa ya ja, ya lallashe shi, ya kira shi da wani suna da bai dace da bakin mai karanta wa jama'a littafi ba. Ko gezau. Lawali ya tsaya yana kallo, hannu a baya, har ya gaji.

"Tun kana yaro ba ka iya jan dabba ba," ya ce.

Ya naɗe hannun rigarsa, ya dafa gindin ragon, ya tura. Haka suka bi bakin katanga, ɗaya na ja ɗaya na turawa, har ƙofar Illa.