Gaurakar da Ta Rage

"Wallahi ba zan bayar ba," in ji Salisu, ya ƙanƙame kan kekensa kamar za a ƙwace masa ɗa.

Halliru ya share gumi da hularsa. Tun daga Karaye ya bugo babur zuwa Kafin Dafga, ya baro maƙwabcinsa Malam Sulle kwance numfashi sama-sama, ga wannan mai taurin kan yana neman cinye masa lokaci.

"Salisu, mutumin nan yau ne ko gobe. Kai, ko la'asar ban tabbata zai kai ba."

Malam Sulle shi ne mai yi wa kekuna kwalliya a Karaye. Duk keken da ka gani ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samari na zaga gari da shi suna yanga, madubai jere a kai, geza na lilo, ƙafafu nannaɗe da zare mai launi, to hannunsa ya bi ta kai. Amma abin da ya fitar da sunansa shi ne tsuntsayen da yake zanawa a marfin sarƙa. Sai da furfura ta kama shi ya ji wa'azi cewa mai zana abu mai rai, gobe kiyama za a ce ya busa masa rai. Daga ranar bawan Allah ya rasa sukuni. Ya riƙa bin kekunan nan gida-gida da gwangwanin fenti, yana mayar da kan kowane tsuntsu fure. Kowa ya yarda masa, ban da Salisu, manomin gyaɗa, mai gauraka a keke.

"Da ita aka san ni," in ji Salisu. "Ko kasuwar Rogo na shiga, mai gauraka ake ce min. Kuma keken babana ne, shi ya zaɓi tsuntsuwar da bakinsa."

"To saurara. Tun safe 'yar Malam Sulle take laƙƙana masa kalmar shahada. Ka san me yake cewa? Gauraka. Ba ya faɗar komai sai gauraka."

Salisu ya dubi marfin sarƙar. Tsuntsuwar na nan tsaye da tukkunta ruwan zinariya, ƙafa ɗaya ɗage, kai ka ce yanzu za ta taka.

"Tada babur," ya ce. "Amma ni zan riƙe keken."

Haka suka taho, Salisu a baya rungume da keke a cinya, hadari na haɗowa daga gabas. Duk ramin da suka faɗa sai ƙararrawar keken ta yi ƙara. Tsoron Halliru ɗaya ne, kada ya karya kwanar layinsu ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Ba a shimfiɗa ba. Ummukulthum, 'yar Malam Sulle, na tsaye a zaure idonta jawur.

"Baba Halliru, ku yi sauri don Allah."

Ƙofar ɗakin ta yi wa keken kaɗan, sai da suka kwance madubi ɗaya. Suka jingine shi da gado. Tsohon ya buɗe ido da ƙyar, ya kafe tsuntsuwar da kallo.

"Ashe dai na iya," ya ce a hankali.

Ummukulthum ta tsoma buroshi a jan fenti ta damƙa masa. Hannun ya tashi, ya tsaya. Malam Sulle yana ta kallo, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, fenti na ɗiga a zanin gado. Shekara da shekaru katanga kawai ta raba su, Halliru ya san mutumin nan sarai: bai taɓa son wani aikinsa kamar wannan ba.

"Malam, ko a bar ta?" in ji Salisu.

"A'a. Halliru, riƙe min hannu."

Halliru, wanda ko bango bai taɓa shafawa fenti ba, ya kama wuyan hannun, sanyi ƙalau. Tare suka kai buroshin kan tukkun. Ja ya rufe ido, ya rufe baki. Tsohon ya yi ƙoƙarin fitar da ganyen fure, ya samu biyu, na ukun ya zarce ya karkace.

Ya saki ajiyar zuciya. Ummukulthum ta sunkuyo ta fara kalmar shahada, wannan karon kuwa ya bi ta har ƙarshe.

Bayan la'asar aka dawo daga maƙabarta, yayyafi ya soma. Kekuna sun cika layin, jingine da katanga, furanni birjik a marfin sarƙoƙinsu. Salisu ya fito da nasa, mai fure mafi muni a cikinsu. Bai hau ba. Ya kama hanyar Kafin Dafga yana turawa a ƙasa, ya ɗan sunkuya, yana kare ɗanyen fentin da gefen rigarsa.