Kati Na Arba'in Da Biyu

Jirage biyar kamfanin Njiwa yake da su a takarda, huɗu a sama. Na biyar ɗin ya shekara biyu kwance a ƙuryar rumfar gyaranmu a filin jirgin sama na Wilson. Saniya muke ce masa, don kowa tatsa yake. In famfon mai ya mutu a jirgin Lodwar, a je wurin Saniya. In taya ta siɗe a na Kisumu, Saniya. Ni Mutiso, shugaban makanikai, ni na kafa dokar: duk abin da ka cire, ko ƙusa ce, ka ɗaura jan kati a gurbinsa, ka rubuta sunan abin.

Da can akwai Mama Kerubo da ke kwafe katunan a littafi. Sabon manajanmu, Gathogo, ya sallame ta a watansa na farko. Wai rage ƙiba yake wa kamfani. Mutumin da bai taɓa riƙe sufana ba, amma ya iya zana kibiyoyi a allo. Tun daga nan katunan da ke jikin Saniya suka zama su kaɗai ne shaidarmu. Kullum da safe nakan ƙirga su kafin in sha shayi. Arba'in da biyu ne.

Dabarar Gathogo ita ce ya sayar wa wasu attajirai rabin kamfanin, kuma mai saye jirgi biyar yake son gani. Ran Litinin na je asibiti a duba mini gwiwa. Ina dawowa na tarar da Saniya fes, an wanke ta har tana ƙyalli, babu jan kati ko ɗaya a jikinta.

"Barasa, wane mara hankali ne ya yi wannan?" Barasa mataimakina ne, mun shekara goma sha tara tare. Mzee ake ce mini a wurin, wato dattijo.

"Mzee, rage murya, mara hankalin na bayanka."

Gathogo ne, yana murmushi. "Haba Mzee Mutiso, hoto kawai muka ɗauka. Wa zai sayi jirgi yana rataye da tsummoki kamar akuyar boka? Ga katunanka can a leda, na taya su tsinka da hannuna."

"Bosi, ka san abin da ka tsinka kuwa?"

"Na san abin da nake ɗinkawa, abincin ma'aikata mutum ɗari da tamanin. Baƙin da za su saya sun ce ran Juma'a suna son su zaga gari a cikinta. Ka mayar mata da kayanta."

Na zazzage ledar a kan tebur. Arba'in da ɗaya. Na sake ƙirgawa, Barasa ya ƙirga, muka kwashe kwandon shara, muka leƙa magudanar ruwa.

Barasa ya ce, "Ko dai tsufa ne, Mzee? Jiya ma tabarau kake nema yana bisa goshinka."

Na yi dariyar yaƙe. Kwana uku muka yi muna kwaso kaya daga jirgin Lodwar da aka kwantar, muna mayarwa. Duk katin da muka cika sai in soke shi a ƙusa. Na bi Saniya da tocila tun daga hanci har wutsiya, sau biyu, ban ga gurbin komai ba. Sai dai jirgi ba mota ba ne, akwai lungunan da sai ka yi mako kana kwance farantan ƙarfen jikinsa kafin ka gan su. Na roƙi mako guda.

"Ran Asabar suke komawa," in ji Gathogo. "In suka tafi ba su sa hannu ba, kai za ka tsaya a ƙofa ka gaya wa mutane an rufe."

Kyaftin Nekesa ce za ta tuƙa. Tare muka fara aiki da marigayi mahaifinta, a kafaɗata ta fara ganin cikin injin. Tun da ta zama matuƙiya ba ta taɓa tashi ba tare da ta ɗago mini hannu ta taga ba. Ran Juma'a da hantsi ta same ni da takardar shaidar lafiyar jirgin a gabana, biro a hannu, fankena na mandazi ya huce.

"Baba, lafiya? Ka yi zuru kamar an ce ka auri Gathogo."

"Kati ɗaya nake jin ya ɓata."

"Kake ji, ko ka tabbata?"

Da na ce na tabbata, da ta ajiye hularta ta koma gida. Amma na tuna tabarau, na tuna mutum ɗari da tamanin, na ji kunyar a ce tsoho ya ruɗe.

"Ji nake."

"To in ka sa hannu, ni ko kwandon wanka ne zan tashi da shi."

Na sa hannu.

Baƙin suka hau, Gathogo ya bi su yana ta washe baki. A bakin matakala ya miƙa wa sakatariyarsa jakar kwamfutarsa, wai ta yi masa nauyi. Aka rufe ƙofa. Farfela ta dama ta ɗauka, ta hagu ta bi, aka janye katakon taya.

Sakatariyar ta zo ta tsaya kusa da ni a inuwa. Wani jan abu yana lilo a hannun jakar.

"Meye wannan?"

"Oho, Bosi ne ya ɗaura ran Litinin, wai jakarsa na kama da ta baƙin."

Na juya katin. Rubutuna ne, da baƙin biro: fil mai kulle noti, sandar sarrafa wutsiya. Notin yana nan daram, shi ya sa ido bai ga komai ba. Girgiza kawai yake jira ya kwance.

"Barasa! Kira hasumiya su tsayar da jirgin!"

Na fita da gudu da gwiwar da ba ta gudu. Saniya ta riga ta juya ta kama hanyar titin tashi, ƙarar injin ta shanye ihuna. Na ɗaga katin sama ina kaɗawa da duk ƙarfina.

Nekesa ta waiwayo ta taga, ta gan ni. Ta yi murmushi, ta ɗago mini hannu.