Kunnen Inna na Hagu

Gemun Auta ya fara furfura, yana da shagonsa na gyaran firji, yana da mata da 'ya'ya, amma har yau ba wanda ya san shi da wani suna sai Auta. Haka mahaifiyarsa ke kiransa, kuma in Inna ta kira mutum sai duk layin ya ji. Tun da kunnenta ya yi nauyi muryarta ta ƙara ƙarfi. Ita dai a ganinta lafiyarta ƙalau, mutanen yanzu ne suka koyi magana ciki-ciki.

Bayan firji, abin da Auta ya iya shi ne jita. Tasa ta katako ce, mai rami a tsakiya, wadda sautinta ba ya wuce ɗaki. Da girmansa ya koya, bayan kunnen Inna ya riga ya yi nisa, kuma abin da ke ci masa rai ke nan. In ya je gaishe ta da jitar a kafaɗa, sai ta gyara zama ta kafa wa yatsunsa ido, tana murmushi tana gyaɗa kai. Wani lokaci ya gama waƙar har ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya, ita tana nan tana gyaɗawa. Sai ta ce, "Ya yi daɗi, Allah ya yi albarka." Shi kuwa ya san ko ɗis ba ta ji ba.

Ana nan sai wata mai gidan abinci da yake gyara wa firji ta ji shi yana kiɗa a ƙofar shago. Ta ce ya zo ranar Asabar da yamma ya yi wa masu cin abinci wasa a tsakar gidan, ba wani taro ba ne, 'yan tebura ne kawai. Auta ya yi murna, bakinsa ya kasa riƙe labarin, ya kai wa Inna a kunnen hagu, wanda shi ne mai ɗan dama-dama. Nan take ta ce da ita za a je, har ta sa aka goge mata kayan fita.

Daga nan murnar ta gauraya da fargaba. Auta ya riƙa hango ta zaune a gaban mutane tana gyaɗa kai bayan an gama waƙa, wani ya taɓa wani ya nuna ta da baki. Ya ce a ransa wannan kam ba da shi ba. A gindin jitarsa akwai ɗan soket da ake cusa waya, bai taɓa amfani da shi ba. Zai sayi amfilifaya, na'urar ƙara sauti, kuma tunda don kunnen Inna zai saya, da mai kunnen za a je.

Shagon kayan kiɗan siriri ne mai zurfi. Jitoci na rataye a bango, kwalaye sun tare rabin hanya, fanka na juyawa tana kaɗa takardun da ke maƙale a jikin kaya. Mai shagon gajere ne, tabarau na reto a wuyansa da zare. Ya ba Inna kujera ya gaishe ta, ta amsa masa da ƙarfin da ya sa tsirkiyoyin bango suka yi ɗan amo.

Auta bai ɓata lokaci ba. Ya nufi wata baƙar amfilifaya da ta kai masa ƙugu, ya dafa ta kamar ya ga tsohon aboki.

"Malam, wannan nake so."

Mai shago ya dubi jitar da ke kafaɗarsa, ya dubi amfilifayar, ya ja numfashi irin na wanda ya sha jin wannan magana.

"A ina za ka yi wasan?"

"Tsakar wani gidan abinci."

"Gwaji fa, a ina kake yi?"

"A gida. A saman bene muke."

"Akwai maƙwabta?"

"Bango ɗaya ne tsakaninmu. In sun yi atishawa mu ke ce musu sannu."

"Da me za ka ɗauke ta?"

"Babur."

"To ɗan'uwa, wannan ta jitar lantarki ce, ta masu babban dandali. In ka sa mata ta katako sai ta shaƙe mata murya. Ga nauyi, kafin ka kai ta sama bayanka ya riga ya yi murabus. Kuma ranar da ka kunna ta a gida, ranar mai gidan haya zai zo da kansa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bari in ɗauko maka wadda ta dace."

Ya shige ɗakin ajiya yana ture kwalaye. Auta ya taɓe baki. Shi mai gyaran firji ne, a sana'arsa babban inji shi ke ba da babban sanyi, bai ga dalilin da zai sa kiɗa ya bambanta ba. Kunne mai nauyi kuma ai sai ƙara mai nauyi.

Ya ja babbar amfilifayar da nishi ya kai ta bayan kafaɗar Inna ta hagu, bakinta na saitin kunnen. Sannan ya jawo kwali ya zauna inda ya saba zama duk lokacin da zai yi mata magana, wato gaba da gaba, gwiwa na taɓa gwiwa, don ta ga bakinsa. Ya cusa waya, ya murɗa maɓallin ƙara har ya ƙure, ya ɗaga hannu daga kan tsirkiya.

Bai ma kai ga kaɗawa ba. Wani irin kuka ya tashi, siriri da farko, kafin ƙiftawar ido ya cika shagon kamar ana yanka ƙarfe. Masu wucewa a titi suka toshe kunne. Mai shago ya fito a guje, ya yi tuntuɓe da kwali, ya fizge wayar daga bango.

Shiru ya sauka. Inna ta sa ɗan yatsa a kunne ta girgiza.

"Wannan kam na ji shi," in ji ta. "Auta, shi ne abin da mutane za su zo su saurara?"

Mai shago ya fashe da dariya, har da dafa bango. Auta ma ya so ya yi, amma ya kasa. Shekara da shekaru yana son ta ji sauti daga jitarsa, yau ta ji, kuma abin da ta ji ke nan. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi.

Inna ta gan shi sarai. Ta jawo jakarta ta fara neman takalmi da ƙafa.

"Tashi mu tafi, Auta. Kada ka wahalar da kanka saboda ni. Na san ba na jin abin nan, kai ma ka san ba na ji. Hannunka nake kallo, kuma ya ishe ni. Ranar Asabar ka zaunar da matarka kusa da ni, in an gama ta taɓa ni in yi tafi."

Ba ta taɓa faɗin haka ba. Auta ya sunkuyar da kai yana naɗe waya, idonsa ya cika.

"Inna, ki ɗan zauna," mai shago ya ce da ƙarfi, ya zagayo ta hagunta. "Laifin ba na kunnenki ba ne, na ɗanki ne." Ya juyo wurin Auta. "Kai ka sa lasifika ta kalli ramin jita. Sauti ya fito ya faɗa ramin, jita ta mayar mata, ita ma ta ƙara ta dawo da shi, haka za su yi ta yi har sai wani ya suma. Ko a wurin wasan kada ka yarda su haɗa ido."

Ya koma ya ɗauko wadda ya shiga nema ɗazu, 'yar ƙarama ruwan ƙasa mai mariƙi a ka, da hannu ɗaya ya ɗaga ta. Ya ce an yi ta ne don jitar katako. Tana da baki biyu, ɗaya na jita ɗaya na makirfo. Tana da batir, in tsakar gidan ba soket a kusa ba damuwa. Ga kuma inda ake sa abin kunne, mutum ya yi gwajinsa a gida maƙwabta na barcinsu.

"Wannan 'yar?" in ji Auta. "Ai ko firjin ofis ya fi ta."

"Kai dai matsa baya."

Ya sa Auta ya ja kwalinsa baya kaɗan. Ya ɗora amfilifayar a kan doguwar kujera a gefensa, ta ɗan wuce shi gaba, bayanta na wajen jita, fuskarta na kallon Inna daidai tsayin kunne. Sannan ya shiga murɗe-murɗe. Ya rage kaurin sauti, ya ce shi ke sa komai ya dame kamar ana magana cikin bargo. Ya kashe amsa-kuwwa gaba ɗaya, ya ce tana yi wa mai lafiyayyen kunne daɗi amma tana rikita mai nauyin ji. Ya ɗan ɗaga na tsakiya, inda muryar mutum take. Maɓallin ƙara kuwa ko rabi bai kai ba.

"Mai nauyin kunne ba ihu yake so ba, so yake abu ya fito tas," ya ce yana kafa makirfo a gaban bakin Auta. "Tambaye ni. Kunnena na dama irinku masu son babba ne suka cinye shi a shagon nan. Bismillah, kaɗa."

Auta ya goge tafin hannu a wando. Ya rasa wace zai yi, sai yatsunsa suka kama wata tsohuwar waƙa da Inna ta ƙirƙira tana rerawa in tana wanki lokacin suna yara. Ya daɗe da ɗora ta a jita, yana yin ta a hankali, da sanyin murya, yadda yake jin ta a zuciyarsa. Sautin ya fito daga 'yar amfilifayar ɗumi-ɗumi, sak jitarsa, sai dai ta ƙara girma.

"Sabulu ka ƙare ka bar ni da kaya,
rana ki tsaya in shanya..."

Inna ta kafa wa yatsunsa ido ta fara gyaɗa kai kamar kullum. Can sai kan ya tsaya cak. Murmushin ya gushe. Ta ɗauke ido daga hannunsa, ta karkata kunnen hagu wajen amfilifayar, ta haɗe gira. Auta ya ci gaba har ya kai tsakiyar baiti na biyu.

"Tsaya!" in ji Inna. "Tsaya, tsaya. Waƙata ce wannan?"

"Ita ce, Inna."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya sa kake jan ta haka? Waƙar wanki ce fa! Da haka nake cuɗa kayanku, da har yau kuna yawo da datti. Kana nufin duk shekarun nan haka kake yi mini ita, ni kuma ina sa maka albarka?"

Auta ya buɗe baki zai amsa, dariya da kuka suka riga shi fitowa tare. Ya kifa goshi a kan jitar, kafaɗunsa na girgiza. Tun da yake a duniya ba a taɓa yi masa faɗan da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Mai shago ya juya baya, ya shiga goge tabarau ɗin da ba abin da ya same shi.

Inna ta ajiye jaka a ƙasa, ta tuɓe takalmin da ta sa, ta naɗe hannun riga. Ta fara buga cinya da tafin hannu, da sauri-sauri, yadda ake cuɗa wuyan riga a bakin baho.

"Share fuskarka, ƙaton banza, ka bi hannuna," ta ce. "Ɗauko daga farko. Ina jin ka."