Hoton Dabo a Bango

Sati uku da rasuwar Dabo, Inno ta ce a kawo mata majigi.

Isyaku bai tambayi dalili ba. Tun ranar da aka kawo gawar yayan nasa daga hanyar Mashi, inda motar shanu ta kife da su, ya daina tambayar dalilin komai. In an ajiye abinci ya ci, in an yi gaisuwa ya amsa. Kuka ma ya jira shi, bai zo ba, sai ya ƙyale.

Dalilin dai ba ɓoyayye ba ne. Dabo ɗan fari ne, Inno kuwa mutuniyar da ce. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yayanku", balle ta tsaya ta kalli tsabar idonsa. Kunya ta hana ta kallonsa da rai, yanzu kuma yanar ido na neman hana ta kallon hotonsa. An nuna mata a waya, ta ce ita haske kawai ta gani.

Isyaku ne ke kula da ɗakin kwamfuta a wata sakandare cikin Daura. Ya aro majigin makarantar, ya ɗauro a babur da hantsi. Ƙanwarsa Shatu ta toshe taga da tabarma da zannuwa, aka tada janareto, ya jona waya. Hoton ya fito sama faɗi ƙasa tsuke, ya taɓa kiston, maɓallin gyara karkata, ya daidaita. Ya murɗa fokas don hoton ya fito tas. Ya sake murɗawa.

Abin da ya sani tun a hanya shi ya gani. Dabo mutum ne da ba ya tsayawa hoto, sai ka ce kunnensa za a yanke, wayarsa kuma ta tafi tare da motar. Hoto ɗaya tak aka samu. Wani abokin fataucinsa ya ɗauka a kara, kasuwar shanu, daga nesa, wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa wancan, har aka tatse shi tas, sannan aka yanko kan Dabo daga cikin taro. Shekara tara Isyaku yana gaya wa ɗalibai cewa hoto ƙwayoyi ne da ake kira fikzal, rezolushan kuwa yawansu ne, kuma majigi girma yake ƙarawa, ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya. Gero mudu guda, ko a faifai ka shanya ko a tabarma, mudu guda ne. To ga darasin nasa a bangon ɗakin uwarsa: shuɗiyar hula, da fuska kamar an jera bulo.

Daga bakin ƙofa, in ka kanne ido, Dabo ne. Sai dai daga bakin ƙofa Inno ba ta ganin ko bangon. Shatu ta riƙo hannunta, suka matsa, suka ƙara matsawa, inuwarta ta cinye rabin hoton.

"Inno, ki ɗan koma gefe, kin tare hasken," in ji Isyaku.

Ta koma gefe. Ta ɗora tafinta a kan kumatun hoton, ta daɗe tana kallo.

"Gutsu-gutsu nake ganinsa," ta ce. "Ashe idon nan ya gama."

Shatu ta buɗe baki, Isyaku ya girgiza mata kai. Amsar na kan harshensa, ya faɗe ta a aji sau ɗari: ba idonki ba ne, hoton ne. Amma in ya wanke idonta, ya gaya mata ke nan fuskar Dabo ba ta saura ko'ina a duniya ba. Bai ji tausayi ba, bai ji zafi ba. Ƙarar fankar majigin kawai yake ji.

"Ku kuna ganinsa sosai?" Inno ta tambaya.

"Muna ganinsa, Inno."

"Tas?"

"Tas."

"To, alhamdu lillahi, tunda yana nan." Hannunta na nan a bango. "Mutane na cewa da babanku yake kama. Ni ban taɓa dubawa ba. Haka ne?"

Isyaku ya rufe ido ya nemo fuskar yayansa, wadda ya girma yana gani safe da yamma. Bulon nan ya tarar a gurbinta, da shuɗiyar hula.

"Haka ne, Inno."

"To, bar shi a kunne."